Baba Mai Inji da Garin Hawainiya

Shekara talatin da shida Baba Mai Inji ya yi yana niƙa, kuma duk ilimin da ya tara a shekarun nan bai wuce magana ɗaya ba: abin da ya yi laushi ya gyaru. Hatsi aka kawo masa, ko barkono, ko busasshiyar citta, sai ya tari garin a bakin inji, ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗaga kai sama kamar mai jiran a raɗa masa wani abu, sannan ya ce, "Da saura." Ya sake juyewa. Mata kan yi ta mita wai yana cinye musu hantsi, amma gobe za ka gan su sun wuce injina biyu a hanya sun zo sun jera bokitai a ƙofar rumfarsa.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga rumfar, wata ta kwano a bayan layin masu kayan miya, inda ba a jin maganar kowa sai an yi ihu. Ya fara da wanke haƙoran inji da ɗora bel, ya kai ga riƙe injin shi kaɗai, har maigidan ya tsufa ya sayar masa da shi. Niƙan nan ne ya yi masa aure, shi ya sa 'ya'yansa biyu a makaranta. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ita ba ta san ranar da furfura ta fito wa mijinta ba, don tun da ta san shi kansa fari ne. Da ta rasu kwana uku ya yi bai buɗe rumfa ba, a na huɗu ya buɗe, ya ce in ya ƙara zama shiru zai bi ta. Bai taɓa yin tafiya mai nisa ba, bai taɓa rigima da hukuma ba, kuma ba a taɓa mayar masa da gari don tsaki ba. Na ukun nan shi ya fi so a faɗa.

Inji ya cinye masa kunnen hagu, bai damu ba, ya ce ai biyu ne. Amma da gari ya zauna masa a ƙirji, tari ya hana shi hawa ko matakala uku, dole aka kai shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin a saitin taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in Baba ya ƙara shaƙar ƙura ko ta yini ɗaya, to kada a dawo masa da shi. 'Ya'yan suka sayar da injin tun yana kwance. Daga baya ya ji labari wai wanda ya saya zagaye ɗaya yake yi ya saki gari, kuma wannan ya fi tarin damunsa.

Sai maganar inda zai zauna. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, yana hawa na huɗu a wani dogon bene, kuma can aka fara kai Baba daga asibiti. Ɗaki ne mai kyau, a faɗi gaskiya: katifa mai nutsewa, talabijin, da tagar da ba a buɗewa saboda na'urar sanyi. Matar Manaja mutuniyar kirki ce, kirkin da ya kai in Baba ya ɗauki kofi sai ta taso da gudu ta ce, "Baba, ajiye, ka huta." Mako guda ya yi yana hutawa. Ya haddace yawan tayil ɗin ɗakin, ya san ƙarfe nawa inuwar bene ke taɓa shagon da ke ƙasa, ya daina jin yunwa. Ya ji tsoron ɗakin nan fiye da gadon asibiti, amma bai gaya wa 'ya'yansa ba, don ba a kai ƙarar alheri.

Auta, ƙanwar Manaja, ita ta lura da ramarsa, ta ce a ba ta shi. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba, kuma gidan nata a ƙasa yake, da ɗan tsakar gida da ƙofar da ke fita titi. Manaja ya yarda, amma a bakin mota ya ja ta gefe ya ce, "Ki gwada. Ranar da ya takura miki ko ya shiga aikinki, waya kawai za a yi min in zo in ɗauke shi." A gefen dama suka tsaya, gefen kunnen da ke aiki, saboda haka Baba ya ji komai. Tun daga ranar ya san zaman nasa na aro ne, ya kuma ƙudurta sai ya zama mai amfani a gidan nan ko ta halin ƙaƙa.

Ya fara da wuƙaƙen kicin, ya wasa su har Auta ta yanke yatsa sau biyu a yini ɗaya. Ya zuba wa ƙofar gida mai, ta daina ƙara, daga nan baƙi suka riƙa bayyana a tsakar gida ba a ji shigowarsu ba. Ya ɗaure famfon da ke ɗiga, ɗaurin da sai da shi ake buɗewa. Cikin kwana uku ya gama da duk abin da ke buƙatar gyara a gidan, har da wasu da ba sa buƙata, ya rasa abin yi. Abin da ya rage shi ne aikin Auta.

Aikin a ɗakin baya yake. Kayan kwalliya take haɗawa: man leɓe, janbaki, da hodar da mata ke shafawa a fatar ido. Tebur ne guda, da ɗan sikelin da ko numfashi aka yi a kansa sai lambarsa ta motsa, da cokula ƙanana irin na ba jariri magani, da kofin ƙarfen da take narka kakin zuma a ciki. A kan katakon da aka kafa a bango kuwa kwalabe ne jere, kowace da garin wani dutse mai ɓare-ɓare da ake kira maika, wanda shi ke sa kwalliya ƙyalli. Auta kan sa takunkumi da safar hannu kafin ta buɗe ko guda. Baba kuwa an haramta masa ƙetare dokin ƙofa saboda maganar likita. Sai ta ajiye masa kujera a waje, ya zauna yana leƙe.

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin gari, a zaunar da shi yana kallon wani na juya gari, ai an haɗa shi da aiki. Ya ce a ba shi shara, ta ce ƙura. Ya ce wanke-wanke, ta ce sanyi. Ya ce to ya riƙa liƙa takarda a jikin gwangwanaye, ta ce, "Baba, ka yi naka, yanzu lokacin hutunka ne." Ashe hutun nan ya biyo shi daga hawa na huɗu.

Wata ranar Talata wani ɗan ƙunshi ya iso, wanda Auta ta yi mako biyar tana jira. Ta buɗe shi a hankali, ta ciro kwalba ɗaya da ba ta fi ta man zafi girma ba. Murna ta sa ta manta doka, ta fito da ita tsakar gida, ta zagayo gefen damansa.

"Baba, duba abin mamaki."

Ta shafa ɗan baƙin kwalli a bayan hannunta, ta dangwali garin da yatsa ta ɗora a kai. Kore ne shar. Ta karkata hannun kaɗan, ya koma shunayya. Ta ƙara karkatawa wajen rana, ya zama ruwan tagulla.

"Masu sayarwa hawainiya suke ce masa," in ji ta.

Baba ya sa tabarau, ya kama hannun ya juya shi hagu da dama da kansa, don kada a yi masa rufa-ido. "To wanne ne launinsa na gaskiya?"

"Duka ukun."

"Ba a yi abin da ke da gaskiya uku ba," in ji Baba. Ya miƙa yatsa, ta sa masa ɗan kaɗan. Ya murza, ya ɗaga kai sama. Ƙwayoyin ma ido na ganinsu, fale-fale kamar ɓawon kifi. "Wannan ai tsaki ne. Cutarki aka yi, ba su gama niƙa shi ba."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haka ake son sa, Baba. Ba a niƙa wannan. Kowane ɗan fale madubi ne, shi ke juya haske. Haɗa shi ma a leda nake yi, in girgiza a hankali."

Baba ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa masu cewa "ya isa haka, sauri nake." Dubunsu ya gani. Duk cikinsu babu wadda ya saurara, kuma babu wadda ba ta dawo ta yi godiya ba. Yarinyar tana da hannu, ya yarda, amma a waya ta koyi aikin, waya kuwa ba ta da yatsun murzawa.

Da la'asar ya fita bencin Mai Faci, abokin hirarsa ɗaya tilo a layin, bai san ya shafa gemu da yatsan ba. Mai Faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ƙura masa ido.

"Malam, ɗan juya hagu." Baba ya juya. "To dama." Ya juya. "Ikon Allah. Ta can tsoho ne mai koren gemu, ta nan kuma mai shunayya. Wa zan ce ya zo gaishe ni?"

"Kai dai hawainiyarka ta kiyayi ramata."

"Ai hawainiyar taka ce, a haɓarka take kwance."

Baba ya goge da hannun riga, abin ya ƙara bazuwa, ya kwana biyu yana ƙyalli. A hirar nan ce ya gaya wa Mai Faci abin da ke gaban Auta. Wata mai babban shagon kwalliya ta ga hoton hawainiyar, ta ce za ta zo ranar Asabar ta gani da idonta, in ta yi mata, Auta ce za ta riƙa haɗa wa shagon. "Kuma da tsaki za a tare ta," in ji Baba. Mai Faci ya ce shi dai abin da ya sani iska ce, kuma in ta yi yawa taya fashewa take. Baba ya ce iska daban, gari daban.

Ranar Alhamis da hantsi Auta ta tafi sayo ƙananan gwangwanaye. Ta ce abinci na cikin kula, ta ce ya kwanta ya huta. Fitarta ke da wuya Baba ya miƙe.

A yi masa adalci, bai yi aikin ganganci ba. Ya sa takunkumin Auta saboda likita. Ya ɗauko ɗan turmin dutse na kicin, wanda ake dakan yaji, ya wanke shi sau uku da sabulu da ruwan zafi, ya shanya a rana, ya sunsuna, ya lasa, ya tabbatar. Ya shimfiɗa jarida a teburin. Sannan ya juye kwalbar duka, don duk mai inji ya san niƙa biyu ba sa fitowa da laushi ɗaya.

Murzawa ya yi, bai daka ba, a hankali, yana zagaya taɓarya yana tattaro gefe da cokali. Kafaɗarsa ta tuna aikin kafin shi ya tuna. Tun da aka fito da shi daga rumfa bai ji daɗi irin na wannan sa'ar ba, har ya samu kansa yana 'yar waƙa ta cikin takunkumi. Ya tace a farin ƙyalle mai shara-shara, abin da ya ƙi wucewa ya mayar turmi ya sake. Ya lura launin na ja da baya, koren ya dushe, shunayyar ta yi ɓatan dabo, amma wannan bai tayar masa da hankali ba. Jar masara ma in ta niƙu fari-fari take komawa, sai ta ji ruwa launinta ya dawo. Da ya yi murzar ƙarshe bai ji komai a yatsa ba, sulɓi kawai. Ya mayar cikin kwalba, ya goge tebur, ya koma kujerarsa a waje ya harɗe ƙafa.

Auta ta dawo bayan azahar da leda tana ƙara a hannu. Ya bar ta ta sha ruwa tukuna.

"Na rage miki aiki," ya ce. "Duba hawainiyarki."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin baya, ta shiga. Ta fito da kwalbar. Ta shafa kwalli a bayan hannu, ta ɗora garin, ta karkata. Toka-toka. Ta matsa tsakiyar rana ta karkata, toka-toka. Ta shiga ɗaki ta kunna fitila, ta fito, ta je bakin ƙofa. Baba na bin hannun da ido, yana jira.

"Sa masa ɗan mai," ya ce. "In ya jiƙa zai dawo."

Ta ɗiga mai ta cakuɗa a murfi. Ya zama irin abin da ke maƙalewa a ƙasan takalmi bayan ruwan sama. Ta daɗe tana kallon murfin, leɓenta na ƙasa a cije. Sannan ta rufe kwalbar, ta ɗago da murmushi irin na masu jinya.

"Ba komai, Baba. Ka ci abincin kuwa?"

Ta ci gaba da kawo masa shayi da safe, tana tambayar tarinsa, tana gyara masa matashin kujera. Abu ɗaya ne ya sauya: ɗakin baya ya samu kwaɗo, makullin kuma yana cikin aljihunta. Ranar Juma'a ya daure ya ce, "Auta, babu yadda za a yi a mayar da shi?" Ta ce, "Babu, Baba. Amma ba komai." Shi da ya fi kowa sanin gari ba ya komawa tsaba, sai ranar ya fara ganin hakan a matsayin asara.

Asabar mai shagon ta zo, doguwar mace mai ƙamshi, wayoyi biyu a hannu. Baba ya shige ɗakinsa ya bar ƙofa a ɗan buɗe, ya kafa kunnen dama. Ya ji Auta na nuna mata janbaki da sauran launuka. Ya ji matar ta ce duk suna da kyau, amma irinsu sun cika kasuwa, ita mai canzawar nan ta zo gani.

"Ta lalace, Anti," in ji Auta. "Kuskure na yi wajen haɗawa."

"Ke da kanki?"

"Ni da kaina."

Matar ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta ce za ta kira, da muryar wadda ba za ta kira ba. Baba ya zauna a bakin gado, kunya ta rufe shi har ba ya son ganin hannuwansa. Ya ɓata wa 'yarsa kaya, ya sa ta yi ƙarya, an kuma ɗauke masa laifin kamar yadda ake ɗauke masa kofi. Washegari ya sa Mai Faci ya lalubo masa lambar Manaja a wayarsa, ya yi maganar da ba ta kai minti ɗaya ba.

"Benen da ka ce min kabari ne mai talabijin?" in ji Mai Faci.

"Shi," in ji Baba.

Litinin da yamma Manaja ya iso daga wajen aiki. Ya tarar da Baba a tsakar gida, hula a kai, jaka a gaba. Jakar ba ta da nauyi: riguna huɗu, magunguna, da wata tsohuwar sifanar inji da ta tsira daga sayarwa don ya ɓoye ta. Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya.

"Yaya, lafiya? Wa ya kira ka?"

"Baba ne. Na ɗauka kun yi magana."

Ta juya. "Baba, me aka yi maka? Wa ya ce ka tafi?"

"Ke."

"Ni? Yaushe? Wallahi ko kallon banza ban yi maka ba. Ban ce ba komai ba?"

"Kin ce. Sau bakwai, ina ji." Ya gyara zaman hularsa. "Bari in gaya miki abin da ba a koyarwa a waya. Na taɓa niƙa wa wata mata garin abincin jariri bayan barkono, ban wanke inji da kyau ba. Ta zo ta tsaya a ƙofar rumfa ta wanke ni tas, har maƙwabta suka kashe injinansu don su ji. Washegari ta kawo niƙa. Shekara ashirin tana kawowa. Wata kuma na ƙona mata hatsi, ta duba ta ce, ba komai Malam, ta ɗauki bokitinta. Ban ƙara ganinta ba. Mai yi maka faɗa yana nan tare da kai. Wanda ya ce ba komai ya riga ya sallame ka."

Manaja ya yi dariyar yaƙe. "Haba Baba, kai da 'yarka? Haƙuri ta yi maka."

"Haƙurin da ake yi wa jariri da majinyaci. Ni aiki na ɓata. In ni ma'aikaci ne a gidan nan, a yi min faɗan ma'aikaci. In kuwa kaya ne ni, ɗauki jakar mu tafi, can ma akwai wajen ajiya."

Manaja ya ɗauki jakar. Auta ta ajiye ludayin a bakin taga, a hankali, ta goge hannu a jikinta. Da ta fara magana muryarta ƙasa-ƙasa ce, kanta a sunkuye, yadda ta saba yi masa magana tun tana ƙarama.

"Na gaya maka ba a niƙa shi."

"Kin gaya min."

"Da bakina na gaya maka, ka gyaɗa kai." Muryar ta ɗan hau. "Mako biyar, Baba. Kullum ina duba waya in ga inda ya iso. Ka juye shi duka. Ko cokali ɗaya ba ka rage min ba, wanda zan nuna wa matar nan in ce ga shi."

"Ke, Auta," in ji Manaja, "Baba ne fa."

"Ƙyale ta," in ji Baba. Ya juya kujerarsa, ya ba ta kunnen dama sosai.

"Kuma a turmin yaji! Abin da mace za ta sa a ido!"

"Sau uku na wanke."

"Ko sau talatin ne! Da a ce ya yi kyau na sayar, da yanzu ina bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Banɗaki na shiga na kunna famfo na yi kuka don kada ka ji, kai da ba ka ji ma. Na tsaya gaban baƙuwa na mai da kaina shashasha. Shekara uku ina aikin nan kowa na ce min sana'ar wasa, ranar da aka zo a ɗauke ni da daraja sai mahaifina ya shiga ya nuna min ya fi ni sani. Ba ka fi ni sani ba, Baba! Hatsi ka sani. Wannan ni na san shi!"

Ta tsaya tana haki, hawaye na zuba, ita kanta ta tsorata da abin da ya fito daga bakinta. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta koma. Manaja na tsaye da jaka a hannu, ya rasa inda zai sa ido.

Baba ya cire hula ya riƙe a cinya. Idonsa ya kawo ruwa, amma ransa ya yi sakayau, irin sakin da bai ji ba tun kafin asibiti.

"Gaskiyarki," ya ce. "Na ɓata miki aiki, kuma girman kai ne ya sa. Ki yafe min."

Auta ba ta ce ta yafe ba. Ta share fuska da bayan hannu, ta ciro makulli, ta buɗe ɗakin baya. Suka ji tana jan kaya da ƙarfi. Ta fito da ledar gwangwanayen, da auduga, da kwalbar sifirit, ta dire su a kan ɗan tebur gaban kujerarsa.

"Guda sittin ne. Kowanne a goge ciki da waje da murfi, a kife a kan tawul. Nan waje za ka yi. Ba ka shiga ɗakin nan, ba ka taɓa kwalbar gari ko a cinya ta faɗo maka. In na ga tabon yatsa a ɗaya, duka za ka sake."

"To," in ji Baba.

Ta shige kicin, aka ji murfin tukunya ya bugu. Baba ya naɗe hannun riga, ya tsinki auduga, ya ɗauki gwangwani na farko ya ɗaga shi saitin haske. Manaja ya yi gyaran murya.

"To Baba, jakar fa? Mota na waje."

"Mayar min ɗaki," in ji Baba, bai ɗago ba. "Ka gaida mutanen gida. Ni aiki gare ni."